Shekara goma sha ɗaya a Malabo, sai bana na ga Biyoko



Abin da ya tayar da wannan tafiya gaisuwar mara lafiya ce. Akwai wani dattijo a cikin jama'armu ta Malabo wanda ya riga mu duka zuwa, ya shafe sama da shekara arba'in a tsibirin. Shi ya karɓe ni ranar da na sauka, shi ya tsaya mini har na sami rumfa. Da ciwo ya kwantar da shi muka je duba shi ni da ɗana mai shekara goma sha huɗu. Ta tagar ɗakinsa ana hango dutsen nan da ya tsaya a bayan gari, rabinsa a cikin gajimare. Yaron ya ce, "Baba Alhaji, mene ne a bayan dutsen can?" Dattijo ya yi shiru, can ya yi dariya ya ce, "Wallahi ɗan nan ban sani ba. Kasuwa na sani, da masallaci, da tashar jirgin ruwa. Tambayi babanka." Yaro ya juyo ya dube ni. Ni ma ba ni da amsa.

Kunya ta kama ni. Shekarata goma sha ɗaya ina sayar da tocila da batir da wayar wuta da kwan fitila a kasuwar Semu. Na san farashin kowane kwali daga Duwala, na san ranar da jirgi ke shigowa, amma ƙasar da nake ci a cikinta ban taɓa wuce bakin gari ba. Na san ba ni kaɗai ba ne. Haka muke a Libarbil, haka muke a Kwatano da Kumasi: daga gida sai rumfa, daga rumfa sai gida, har mutum ya tsufa. Saboda haka a watan Janairu na bar wa yaron shago rumfa, muka yi sallar Juma'a, muka ɗauki hanya ni da ɗana, tare da wani direba ɗan ƙabilar Bubi wanda ya daɗe yana yi mini dakon kaya.

Ga wanda bai san wurin ba, Biyoko tsibiri ne na ƙasar Ikwatoriyal Gini, yana cikin teku kimanin kilomita 32 daga gaɓar Kamaru. Girmansa ya ɗan haura murabba'in kilomita 2,000, wato ba wani babba ba ne, amma kusan duk tudu ne da kwari. Duwatsu masu aman wuta ne suka gina shi, layi ɗaya suke da Dutsen Kamaru da ke bayan Limbe, wanda ake hangowa daga Malabo in gari ya washe. Mutanen asali su ne Bubi. Wani ɗan Fotugal mai suna Fanando Fo ya iso wajen 1472, aka laƙaba wa tsibirin sunansa, daga baya ya koma hannun Sifaniya har zuwa samun 'yanci a 1968. Tsofaffin Najeriya kuwa da Fanya suka san shi, don dubban 'yan ƙwadago, yawanci daga Kalaba da ƙasar Ibo, sun yi aikin gonakin koko a nan kafin a kwashe su zuwa gida a 1975 da 1976. Har yau in ka ji Fici, wato Turancin buroka na Malabo, za ka gane rabinsa in ka taɓa zama a Fatakwal.

Muna fita gari ta hanyar Luba, sai gonakin koko na Samfaka. Ni da na taso a ƙasar Katsina, a wurina gona fili ce, kana tsaye a wannan kunya kana ganin mai noma a waccan. Nan kuwa gona duhuwa ce. Itatuwan koko gajeru ne, 'ya'yansu a manne jikin kututture, a samansu kuma manyan itatuwa sun yi musu rumfa don koko ba ya son rana. A ciki na ga abokin da na sani, rimi. Amma rimin nan ya fi namu nesa ba kusa ba, jijiyoyinsa sun tashi kamar bangon ɗaki, mutum uku za su ɓuya a tsakaninsu. Direba ya ce ai itacen da ke kan tutar ƙasar ke nan. Shekara goma sha ɗaya ina ganin tutar, ban taɓa lura rimi ne ba.

Kafin Luba muka ratse zuwa bakin tekun da suke kira Arena Bilanka, ma'ana farin rairayi. Sunan yana da dalili: sauran gaɓar tsibirin baƙin yashi ne da baƙin dutse, toka da narkakken dutsen da wuta ta amayo. Nan ne ake samun fari. Lokacin rani ne, malam-buɗe-littafi sun cika wurin, suna sauka kan yashi mai laima gungu-gungu, in ka taka kusa su tashi gaba ɗaya su sake sauka. Mata suna gasa kifi da agada a gefe. Wanda yake son kawo iyali ya zo tsakiyar mako ko da safe, don ranar Lahadi da yamma wurin na masu kiɗa da kwalabe ne, ba zai yi wa maiɗakinka daɗi ba.

Luba kimanin kilomita 50 take daga Malabo, gari na biyu a tsibirin, a bakin wani lungun teku mai kwanciyar ruwa. Daga nan hanya ta juya ta fara hawa. Jama'a, hawa na ce. Mota tana nishi, kunnuwana suka toshe kamar a jirgin sama, lanƙwasa bayan lanƙwasa, kuma kowane 'yan mintuna daji yana sauya kaya. Kwakwar manja da ayaba suka ƙare, aka shiga itatuwa masu gansakuka har rassa, da wasu tsirrai masu ganye kamar gashin jimina da suka yi tsayin bishiya. Zufar da muka taso da ita daga Malabo ta bushe. Kafin magariba muka fito wani fili mai ciyawa kore shar, shanu suna kiwo, hazo yana tafiya a ƙasa kamar hayaƙin murhu. Wannan ita ce Moka.

Moka tana sama da teku da kusan mita 1,400. An sa mata sunan wani babban sarkin Bubi, Moka, wanda ya rasu a 1899, kuma a wannan kwarin ne sarautarsu take. Sanyin wurin irin na Jos ne, ko Mambila ga wanda ya sani, sai dai da laima a cikinsa. Alwalar asuba sai da na yi ta maza. Tumatir da kabeji da dankalin Turawa suna yi a nan, abin da ba ya yi a zafin gaɓa. Akwai kuma cibiyar masu binciken namun daji da jami'ar ƙasar ke gudanarwa tare da wasu malaman Amurka, a nan muka sami ɗan jagora.

Da safe muka hau zuwa tafkin Biyawo. Tafiyar sa'a biyu ce ga mai ƙafa, ni kam na yi kusan uku, ina hawa ina tsayawa, ɗana yana gaba yana kirana. Tafkin yana cikin bakin tsohon dutsen wuta, a kewaye yake kamar ƙwarya, daji ya zagaye shi. Muna isa ba mu ga komai ba sai fari fat. Jagora ya ce mu zauna. Muka zauna muna cin dabino. Can iska ta taso, hazo ya yaye kamar an ɗaga labule, ga ruwa kwance a ƙasanmu, baƙi-baƙi, ba ko motsi. Ban san lokacin da na ce Subhanallah ba. Bai fi minti goma ba hazo ya dawo ya rufe. Bubi suna girmama wannan tafki, suna da al'adunsu a kansa. Jagora ya roƙe mu kada mu yi ihu, kada mu jefa dutse. Ba addininmu ba ne, amma gidan mutane ne, kuma baƙo ba ya shiga gida ya taka tabarmar mai gida da takalmi.

A hanyar saukowa ne abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru. Tun safe nake tambayar jagora ina birai. Tsibirin nan yana da irin biri har bakwai. Akwai diril, mai kama da gwaggon biri amma guntun wutsiya da baƙar fuska mai sheƙi. Akwai baƙin biri mai dogon gashi, akwai mai jan kunne, akwai wani ja da ba a samun irinsa ko'ina a duniya sai kudancin Biyoko. Masana sun ce da can tsibirin haɗe yake da Kamaru, teku ta taso ta raba su kimanin shekara 10,000 da suka wuce, dabbobin da suka rage a wannan gefe suka ci gaba da rayuwa su kaɗai. Amma mu yini guda ba mu ga ko ɗaya ba, sai kukan aku da motsin reshe daga nesa. Jagora ya ce biran da ke kusa da hanya sun koyi darasi, ƙafar mutum suke ji su ɓace.

Sai ya durƙusa a gindin wani itace ya ciro wani abu ya miƙo mini. Tarko ne na zarge, irin wanda ake ɗana wa gada. Na juya shi a hannuna. Waya ce, an feɗe robar an murɗa zaren ƙarfen. Na san irinta, ina da nadi-nadinta a rumfa. Ya ce mafarauta da dare suke shiga, tocila ɗaure a goshi, hasken ya faɗa idon dabba ta tsaya cak, su harbe. Ɗana ya ce, "Baba, irin tocilar goshin nan da ta fi tafiya a shagonmu?" Na ce masa ita.

Gaskiya ban taɓa haɗa lissafin ba. Kullum da safe ina wuce layin masu naman daji a kasuwa, ina ganin gada da beguwa da birai a babbake, in kau da kai in ce mu dai ba ma ci, ba ruwanmu. Tun 2007 gwamnatin ƙasar ta hana farautar birai da sayar da su, amma wanda ke shiga kasuwa ya san abin da idonsa ke gani. Ba zan yi muku ƙarya in ce na daina sayar da tocila ba. Mai gadi yana saye, masunci yana saye, matar da wutarta ta ɗauke tana saye, kuma da ita nake ciyar da gida. Amma akwai masu zuwa su sayi batir kwali-kwali da tocilar goshi goma a tashi ɗaya, na san su, na san inda suke kai su, har bashi nake ba su da ragi. Wannan ragin da bashin na janye tun da na dawo. Ɗayansu ya yi fushi ya koma wata rumfa. Ban ce na ceci daji ba, abin da ke hannuna ke nan.

Da yamma muka je inda ake hango magangarar ruwan Iladiyi. Ruwa ne yake faɗowa daga bakin wani dogon gangare zuwa cikin kwari mai zurfin da ba ka ganin ƙasansa, sai ƙara da feshi. Hanyar santsi ne da ita, sau biyu ina zama daɓas a laka. Takalmin da na sa na zuwa masallaci ne, kuma wannan wauta ce da ba na so wani ya maimaita.

Ranar Lahadi muka gangara kudu zuwa Ureka. Da can sai a ƙafa ko a kwalekwale ake zuwa, yanzu an yi kwalta, amma gangaren ya isa a duba birki kafin a tashi. Ureka ƙauye ne ƙarami, sai dai sunansa ya kai duniya saboda ruwan sama. A shekara yana samun sama da milimita 10,000, yana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwa a Afirka. Ku auna da namu: a yawancin ƙasar Katsina ba kasafai ruwan damina ke kai milimita 1,000 ba. Abin da ke zuba a Ureka a shekara ɗaya ya fi na garinmu na shekara goma. Dalili kuwa, iskar teku mai ɗauke da laima tana tasowa daga kudu maso yamma, ta ci karo da duwatsu, ta hau, ta yi sanyi, ta sauke kayanta a nan. Mu da muka je da rani ma sai da ya jiƙa mu sau biyu. Na tsaya ina kallon ƙoramu suna fitowa daga daji suna faɗawa teku, ruwa garai-garai, ba mai tara ba mai ɗiba, na tuna mahaifiyata da tulu a ka tana jiran layin rijiya a watan bazara. Rabo ke nan, Mai rabawa ya fi mu sani.

Abin da ya kawo mu shi ne kunkurun teku. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu suke fitowa bakin wannan gaɓa su yi ƙwai, iri huɗu ne, kuma a cikinsu har da wanda ya fi kowane kunkuru girma a duniya, mai bayan fata maimakon ƙoƙo. Akwai matasan ƙauyen da aka ɗauka aikin ƙidaya da gadinsu. Da su muka fita bayan isha'i, muka taka baƙin yashi cikin duhu, teku tana ruri a hagunmu. Sharaɗin farko da suka kafa mana: ba a kunna tocila, don haske yana ruɗa su su koma ruwa ba su yi ƙwan ba. Mai sayar da tocila ga shi a duhu, tocila uku a aljihu. Ɗana ya yi ta dariya.

Mun yi fiye da sa'a biyu muna jira, har na fara cewa mu koma. Sai ɗaya daga cikin matasan ya taɓa kafaɗata. Wani baƙin abu ne yake fitowa daga kumfa, a hankali, yana jan jiki yana tsayawa yana huci kamar sa. Da ta matso na ga tsawonta ya kusa nawa in na kwanta. Irin wannan takan kai nauyin kilo ɗari uku, wata ta fi. Ta zaɓi wuri, ta share yashi da hannuwan gaba, sannan ta haƙa rami da ƙafafun baya, tana ɗebo yashi kamar da ludayi, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Da ta fara zuba ƙwai suka bar mu muka matso ta bayanta da ɗan jan haske. Farare ne, kewayayyu, masu taushi, sukan kai tamanin ko fiye. Hawaye yana bin idonta. Ɗana ya ce kuka take yi, suka ce a'a, gishirin teku ne jikinta ke fitarwa. Ta rufe ramin, ta daddaɓe, ta watsa yashi ko'ina don ɓad da sawu, ta juya ta koma ruwa. Ba za ta taɓa ganin 'ya'yan ba. Bayan wata biyu za su fashe su fito su nufi teku da kansu, kaɗan ne a ciki za su girma, kuma macen da ta girma yankin da aka haife ta take dawowa ta yi nata ƙwan. Wannan magana ta ƙarshe ta daɗe tana yi mini yawo a ka, ni da na bar gida tun ina saurayi.

Dutsen Basile, wanda yaro ya tambaya a kansa, sai mako biyu bayan haka muka hau. Tsayinsa mita 3,011, shi ne mafi tsawo a ƙasar, rabonsa da aman wuta tun 1923. Mota tana kaiwa har kusa da ƙoli, amma akwai eriyoyin sadarwa da masu tsaro a can, sai da takardar izini. A sama daji ya ƙare, sai ciyawa da iska mai yanka kunne. Mun yi sa'a gari ya buɗe: ga Malabo ƙarama kamar tafin hannu, ga wutar kamfanonin gas a bakin ruwa, ga Dutsen Kamaru tsaye a hayin teku. Babban ramin dutsen Luba da ke kudu, inda aka ce biran suka fi yawa, tafiyar kwanaki ce a ƙafa da masu dako, wannan na bar wa masu sauran gwiwa.

Ga wanda zai bi sawunmu, ga abin da na koya. Ka je tsakanin Disamba da Fabrairu. Takardunka su zama cikakku, fasfo da katin zama, na asali da kwafi, naka da na duk wanda ke motar, don akwai shingayen bincike a hanya, kuma izinin yawon buɗe ido a Malabo ake nemansa kafin a tashi. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton soja, ko shinge, ko ginin gwamnati. Ka ɗauki jagora ɗan gari ka biya shi haƙƙinsa ba tare da cinikin kasuwa ba, shi ya san hanya, shi ya san inda maciji ke kwanciya. Takalmi mai ƙarfi, rigar ruwa, rigar sanyi, gidan sauro. Guzuri daga gida: kilishi, garin rogo, ƙuli-ƙuli, dabino, shayi. In an kawo maka nama a ƙauye ka ce kifi kake so, ba wanda zai ji haushi. Kuɗi a hannu, sefa ƙanana. Kada yaro ya shiga tekun kudu ko da ya iya iyo a kogi, igiyar wurin ja take yi. Kuma a cika tanki tun daga Luba.

Da muka dawo daga Ureka, washegari muka koma wajen Baba Alhaji. Yaro ya zauna a bakin gadonsa ya ba shi labari tun daga rimi har kunkuru, yana gwada girmanta da hannu, yana ba da labarin faɗuwata a laka har sau biyu. Dattijo yana ta "Ikon Allah, ikon Allah." Da ya gama, sai ya ce mini, "Alhaji, ka kyauta. Ni na tara, ban gani ba." Allah ya yi masa rasuwa kafin azumi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya kai haske kabarinsa.

Maiɗakina ta ce ba ta yarda ba, Disamba mai zuwa da ita da 'yan matan za a je, in Allah ya kai mu. Na riga na yi magana da direba. Wanda yake Malabo ko Bata yana son shiga ayarin, ya san inda rumfata take.